Hannun Sarkin Jauje

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni: ba na jin maganar ganga. Na haura hamsin, furfura ta cinye rabin gemuna, amma in kalangu ya yi magana, ƙara kawai nake ji. Akwai wani bikin suna da na je a unguwarmu, makaɗi ya biyo ni yana ta zuba kiɗa, ni kuwa na gyara zaman hula ina gyaɗa kai ina murmushi. Sai da muka fito abokina ya ce mini ai tun ɗazu kalangun cewa yake yi, "Ga babbar riga, ba kowa a ciki." To, mai wannan kunnen ne zai ba ku labarin makaɗin da ya fi kowa suna a ƙasar Garazau. Sai ku yi haƙuri da abin da kuka samu.

A zamanin Sarki Duna ɗan Gajere aka yi shi. Sunansa Cindo, saboda yatsa shida da aka haife shi da su a hannun dama, kuma shi ne Sarkin Jauje. Jauje, ga wanda yake irina, babban kalangu ne na sarauta. Ba a kai shi gidan suna. Da shi ake yi wa Sarki take, da shi kuma ake ba runduna umarni a fagen fama, domin muryar mutum ba ta ƙetare kururuwar yaƙi, amma ta jauje tana ƙetarewa. Waƙar da Cindo ya yi ranar Juma'a a ƙofar fada, kafin wata Juma'ar fatake sun kai ta kasuwanni bakwai, mata na daka da ita, masu jan guga na jan ruwa da ita.

Da a yabo ya tsaya, da ba mu da labari. Amma Cindo gwanin zambo ne, kuma wata rana ya saki wani baiti:

Rawani kamu talatin,
Mutum kamu biyu,
An kifa tulu a kan kaza, tana ta neman hanya.

Bai kama sunan kowa ba, don zambo ba ya kama suna. Sai dai duk duniya ta san Zarto, Sarkin Lumbuma, maƙwabcin Garazau ta gabas, gajere ne mai son babban naɗi. An ce a kasuwar birninsa ya fara jin baitin, daga bakin wata mai tallan daddawa wadda ba ta san da wa ake ba.

Farkon damina jakadansa ya iso. Dogo ne, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai suka ce, "Sarki ya gaishe ka," sannan ya ajiye wata ƙwarya rufe da faifai a gaban karaga. Shamaki ya ɗage faifan. Ba kome a ciki sai wuƙa.

Jakada ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangijina yana gaishe da ɗan'uwansa. Ya ce tsakanin Lumbuma da Garazau akwai amana tun kaka da kakanni, ba ya son ta lalace a kan abu kaɗan. Ya ce a mayar masa da ƙwaryar nan da hannun da ya kaɗa masa zagi. Na dama. Ya ce kada a wahalar da wani bawan Allah a yi musanya, domin zai ƙirga yatsun da kansa. Kwana bakwai ya bayar. In ƙwarya ba ta zo ba, shi zai zo."

Cindo yana zaune a inda ya saba zama, can gefen hagu kusa da ginshiƙi. Waɗanda suka gan shi sun ce bai motsa ba, sai dai a hankali ya tura hannun daman nan cikin hannun riga.

Aka fitar da jakada, aka rufe soro, majalisa ta zauna.

Galadima Ƙosau ne ya fara magana, domin shi ne babba. Tsoho ne da ya ga sarakuna uku. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Zaki. Na ga yaƙin Lumbuma na farko, na kuma ga abin da ungulu ta bari. In mun fitar da baka ɗari, Zarto zai fitar da ɗari uku. Rumbuna sun yi ƙasa, ruwa ya sauka, lokacin shuka ne. Ni ba maƙiyin Sarkin Jauje ba ne, Allah ya sani. Amma a ɗora hannu ɗaya a nan, a ɗora kawuna dubu a can, a ga inda sikeli zai rinjaya. Wanda ya tsokano tsuliyar dodo, shi ya kamata ya ji ɗuminta. Kuma ai ba ransa aka nema ba. Mai hannu ɗaya yana cin tuwo."

Maganar tana da nauyi, kuma gaskiya ce. Abin da Galadima bai faɗa ba shi ne, shekara uku kafin nan an yi wani zambo a kan tsohon da ke gyangyaɗi a fada, in ya farka ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Shi ma ba a kama suna ba.

Kaura Jigo, shugaban mayaƙa, bai jira an ba shi izini ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Galadima ya iya awo, amma bai san abin da ya ɗora a sikeli ba. Hannun nan na Cindo ne? Da shi ake kiran sunan Sarki kowace safiya. Da shi ake gaya mini in shiga ko in fita. Muryar Sarki ce, Zaki. Yau mu sa muryar Sarki a ƙwarya mu aika Lumbuma, baɗi Zarto ya aiko da masaki. Me za mu sa a ciki? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In Zarto ne kazar, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Galadima ya ce, "Kaura ya shekara tara takobinsa na tsatsa, ƙaiƙayi yake masa."

Kaura ya ce, "Gara tsatsa da gyangyaɗi, Baba."

Dogarai suka yi gyaran murya. Sarki ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya dubi gefen ginshiƙi ya ce, "Sarkin Jauje, ana ciniki a kanka, kai kuwa ka yi shiru."

Cindo ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Toron giwa, ni da hannun duka naka ne. In ka ce a yanke, ga shi. Roƙona ɗaya: in an kai wa Zarto, a ce masa hannun ba ya kiɗa shi kaɗai, kada ya ce an cuce shi."

Wasu suka ƙunshe dariya. Sarki bai yi ba. Sarki Duna mutum ne da ba ya son ya ɓata wa kowa, irin wannan hali kuwa a sarauta ya fi mugunta tsada. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya raba gardama yadda ya saba, wato ya ba kowa rabi. Ya ce, "Kaura, za mu fita. Za mu tare Zarto a Kwarin Maimai, kada ya taka mana gonaki. In Allah ya ba mu, shi ke nan. Galadima, in muka ga rana ta ɓaci muka juyo, to a ranar za a cika ƙwarya a aika, a nemi sulhu. Mun gama magana."

Ka ji hukunci. Mutum ya tafi yaƙi da sanin in aka ce a juya, shi zai buga umarnin juyawar, da hannun da za a yanke saboda ita.

Washegari da hantsi zuma ta yi cincirindo a bakin ƙofar gabas, baƙi ƙirin, har masu shiga da itace suka ja da baya. Galadima ya aika fada ya ce alama ce, baƙi za su mamaye ƙofa. Kaura ya aika ya ce alama ce, ɗaci zai zama zaƙi. Aka kira mai bugun ƙasa, ya zana ya share, ya zana ya share, ya ce lalle akwai abin da zai faru. Ni a ganina zumar kogo take nema, amma ba a tambaye ni ba.

Cindo kuwa yana gida yana ɗaure tsarkiyar jauje, matarsa Tabawa na tsaye a kansa da muciya a hannu.

Ta ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, baki ya yi zagi, an zo ana neman hannu. Da ni suka tambaya, da harshen na ce su ɗauka, kowa ya huta."

Ya ce, "Ke dai ki yi addu'a."

"Addu'a tun yaushe nake yi? Na ce maka ka bar gajerun mutane, suna da riƙo. Ka ji? Ga ƙofar yamma can a buɗe, Malam. Ɗan'uwana yana da jaki. Kafin a farga mun yi nisa."

"In gudu, a ce Sarkin Jauje ya tsere ya bar Sarki ba murya? Wace fada ce za ta karɓe ni?"

"Wadda za ta karɓe ka da dungu fa, wacce ce?"

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Ta tsaya tana kallon yatsun nan shida suna bin tsarkiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ta koma madafa, tuwon ranar kuwa ya yi gudaji.

A nan dole in tsaya in yi bayanin wani abu, wanda ni sai da aka maimaita mini sau uku. Ganga ba ta furta harafi. Hawa da saukar murya kawai take kwaikwayo. Ka ce "ku koma": ƙasa, sama, ƙasa. Ka ce "ku kama": ƙasa, sama, ƙasa. A bakin mutum kalma biyu ne, a bakin jauje abu ɗaya ne. Saboda haka makaɗan dā suka yi wa kowane umarni wutsiya. In ja da baya ne, sai a buga, "Ku koma, gida bai ƙi kowa ba." In farmaki ne, "Ku kama, nama ya zo gidan kura." Mayaƙi ba ya motsi a kan bugu ukun farko, wutsiya yake jira. Garazau da Lumbuma duk haka suke yi, domin asalinsu ɗaya, jaujensu ɗaya.

Rana ta takwas da sassafe aka haɗu a Kwarin Maimai. Kwari ne mai faɗi, a bayan rundunar Lumbuma akwai wani dogon dutse a miƙe kamar katanga. Sarki Duna ya tsaya a kan tudu ƙarƙashin wata tsamiya, Galadima a damansa, Cindo a hagunsa da jauje a hammata. Daga nan suka hango taron Zarto. Galadima bai yi ƙarya ba. Uku ne a kan ɗaya, in ma ba su fi ba.

'Yan baka suka fara, kibau suka yi inuwa. Dakaru suka gwabza a tsakiyar kwari, garkuwa na karo da garkuwa. Kaura Jigo ya kutsa har sau biyu, sau biyu ana turo shi baya. Kafin rana ta take tsaka, gefen hagu na Garazau ya fara lanƙwasa kamar kara a cikin iska. Wani manzo ya hauro tudu a guje, jini na bin kafaɗarsa, ya ce an kashe Barde, an kuma sari Kaura a cinya amma yana tsaye.

Galadima ya ce, "Zaki, ya isa. Kowane numfashi uwa ce ke rasa ɗa. A juyo da su tun akwai waɗanda za a juyo da su."

Sarki ya ce, "Bari mu ga."

"Me za a gani, ranka ya daɗe? In hagu ta karye za su zagaye tudun nan, a kama Sarkin Garazau a gindin tsamiya kamar ɗan akuya."

Wannan kalmar ce ta shige shi. Sarki bai dubi Cindo ba, ya ce a hankali, "Sarkin Jauje. Ku koma."

Mutum uku ne kawai suka ji: mai faɗa, da Galadima, da wanda aka gaya wa.

Dokar Garazau a kan wannan a fili take. Makaɗin da ya sauya maganar Sarki, ko ya ƙi buga ta, hannun da ya yi laifin ake cirewa. In ya buga, ƙwarya. In ya ƙi, wuƙar gida. Cindo ya matse tsarkiya, ya ɗaga makaɗi, ya buga: ƙasa, sama, ƙasa. Ƙarar ta cika kwari. Saura wutsiya.

Hannun ya tsaya a sama.

Galadima ya ce, "Ƙarasa mana!"

Cindo ya sake bugawa: ƙasa, sama, ƙasa. Ya sake. Ya sake. Zufa na zuba daga haɓarsa a kan fata, idonsa a rufe, yana ta nanata bugu ukun nan kamar wanda ya manta sauran karatu. Jikokinsa sun ce dabara ce. Jikokin Galadima sun ce tsoro ne ya riƙe masa hannu. Ni da na san abin da tsoro yake yi wa gwiwata, ban ga dalilin da zai hana duka biyun zama gaskiya ba.

A tsakiyar kwari wani sadauki ya riƙo Kaura ya ce, "Ranka ya daɗe, me jauje ke cewa? Ban ji wutsiya ba!"

Kaura ya dogara da mashi, ya saurara. Ya san Sarkinsa, ya kuma san wanda ke tsaye a damansa, saboda haka ba na shakka ya san abin da ake nufi. Ya tofar da jini ya ce, "Kurma ne kai? Ku kama! Sarki ya ce ku kama!" Maganar ta bi sahu daga baki zuwa baki. Mutanen da suka zaci an gama da su suka ce lalle Sarki ya hango wani abu daga tudu wanda su ba su gani ba. Suka yi kururuwa suka danna.

A ɗaya gefen kuma wani abu ya faru wanda ba wanda ya shirya shi. Ƙarar jauje ta daki dogon dutsen nan ta dawo, sai mutanen Lumbuma suka ji ta tana fitowa daga bayansu, daidai inda lemar Sarkinsu take. Yawancinsu manoma ne da aka kwaso daga ƙauyuka, an yi ruwan shuka kwana biyu da suka wuce, iri na rataye a ɗaka. Mutumin da zuciyarsa ke gona ba ya jiran wutsiya. Na baya suka ce, "An ce mu koma," suka juya. Na tsakiya suka ga na baya sun juya. Makaɗin Zarto ya yi ta buga nasa umarnin, amma nasa jaujen ƙarami ne, kuma bugu ukun farkonsa ma irin na Cindo ne, sai ya zama yana taya shi. Kafin la'asar babu ɗan Lumbuma a kwarin sai wanda ba zai iya tashi ba. An ce an tsinci rawanin Zarto a kan ƙaya, mutum biyu suka naɗe shi.

Kwana biyu bayan haka majalisa ta zauna. A waje mata na guɗa, gari ya ɗauki sabon kirari: "Duna mai kama maza, ka hango daga tudu abin da ido dubu bai gani ba." Ana jin sa har cikin soro.

Galadima ya miƙe. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Nasara ta Allah ce, mun gode masa. Amma doka doka ce. Sarkin Jauje ya karɓi magana daga bakin Sarki ya yanke mata wutsiya. Yau ta yi kyau. Gobe wani makaɗi zai ga dama ya zaɓa wa Sarki abin da zai ce, daga nan kuma ba Sarki ke mulki ba, ganga ce. Ina neman a zartar da hukunci a kan hannunsa."

Maganar nan ma gaskiya ce, kuma kowa ya san gaskiya ce. Sarkin Dogarai ya matso kusa da ginshiƙi.

Cindo ya ce, "Zaki, a ba ni izini jauje ya yi shaida."

Sarki ya gyaɗa kai. Cindo ya buga sau uku, ya tsaya. Ya ce, "Baba Galadima, me ya ce?"

"Ku koma."

"Kaura fa?"

Kaura, da ƙafarsa a miƙe an ɗaure ta da tsumma, ya ce, "Ku kama. Ko jariri ya ji."

Cindo ya ajiye makaɗi a ƙasa, ya shimfiɗa hannun dama a kan tabarma, yatsu shida a baje. Ya ce, "To, ranka ya daɗe, ga abin da na buga, ban ƙara ba. Jauje bawa ne, abin da aka sa masa a baki shi yake faɗa. Abin da ya fito daga bakin Zaki a gindin tsamiya kuwa, ni talaka ban isa in maimaita ba. Mai maganar yana nan. In ya ce na sauya, ga hannu."

Duk ido ya koma kan karaga. Guɗar waje ta ƙara tashi, wani maroƙi yana ta kwarara "mai kama maza" kamar an aiko shi. Sarki Duna ya dubi tsohon da ya yi wa ubansa da kakansa hidima. Ya dubi hannun da ke kan tabarma. Wannan karon ba abin da zai raba biyu.

Ya ce, "Galadima ya tsufa a cikin hidimarmu, kunnensa ya yi nauyi. Ku kama muka ce."

Dogarai suka ɗauka da ƙarfi, "Ku kama Sarki ya ce!"

Galadima Ƙosau ya matso gaban karaga. Ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Kafin sati ya zagayo an ba shi wani ƙauye a bakin iyaka ya je ya huta, aka naɗa ƙanin Kaura a gurbinsa. Cindo ya janye hannunsa ya mayar cikin riga. An ba shi alkyabba, an ba shi gida mai soro, aka kuma kafa doka cewa duk shekara ranar Kwarin Maimai za a yi bugu uku a ƙofar fada, ba wutsiya. Mutanen Garazau suna kiransa uban makaɗa, wanda ya ci yaƙi da hannu ɗaya saboda ƙaunar Sarkinsa da ƙasarsa.

Amma Cindo bai manta wanda ya yarda a cika ƙwarya ba. Bayan damina biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Lumbuma, ya yi wa Sarki Zarto kiɗa shekara goma sha tara. A can kabarinsa yake.